Zanen Layi da Sunan 'Yar Barira

Ku gyara zama. Na ga kun cinye gyaɗar kafin in iso, kun bar mini ɓawo. Ba komai, haka aka saba yi wa masu ilimi a garin nan. Labarin yau in na gama shi ku za ku yi shari'arsa, ni kuma in koma gefe in ji yadda za ku kwaɓa ta.

An yi wata ma'aikaciyar jinya mai suna Barira a wani ƙaramin asibitin ƙauye da ke kusa da madatsar ruwa. Su biyu ne kaɗai ke riƙe da asibitin, ita da abokiyar aikinta Kubura. Mijin Barira, Sabi'u, ya tafi Ingila aikin kula da tsofaffi wata bakwai bayan aurensu, ga shi har an shekara biyu. Babbar tukunyar da aka kawo ta da ita tana kife a kan kantar ɗakin girki, 'yar ƙaramar ce ke hawa murhu. Takalmansa suna nan a bakin ƙofa inda ya bar su. In ta zo shara sai ta ɗaga su ta share ƙasansu ta mayar. Ran Lahadi yake kiranta, sauran kwana shidan kuwa in ta dawo gida ba ta da wanda za ta yi wa sallama.

Sabi'u ya yi ta fafutuka har wani asibiti a can ya yarda zai riƙe mata gurbin aiki zuwa ƙarshen shekara, muddin ta ci jarrabawar Turancin da ake yi wa masu son aiki a ƙasar. Sau biyu ta je birni ta zauna. Ji da karatu da magana duk ta haye, rubutu ne ke kayar da ita. Yanzu zama ɗaya ya rage kafin wa'adin ya cika. In ta sake faɗuwa, gurbin ya tafi.

Ga abin da ke cikin rubutun. Za a ajiye maka zane, layuka suna hawa suna sauka, shekaru a jere a ƙasa, lambobi a gefe. A ce cikin minti ashirin ka bayyana abin da layukan suka yi, da kalmomin da ba su gaza ɗari da hamsin ba. To Barira shekara tara tana karanta irin wannan layi a gindin gadon marasa lafiya. A wurinta layi ba ya hawa a banza. In zafin jiki ya tashi akwai dalili, kuma aikinta ta nemo shi. A zaman farko aka ba su zanen masu zuwa kallon sinima a wata ƙasa, layin ya faɗo, ta rubuta cewa da alama annoba ce ta ɓarke, mutane suka guji cunkoso. A zama na biyu shan madara ne ya ragu, ta cika rabin shafi da shawara kan ƙashin yara. Kuma kowace lamba sai ta kwafe ta ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wurin miƙa aiki, har lokaci ya ƙare ba ta kai shekarar ƙarshe ba. Sakamako kuwa maki kawai yake nunawa, ba ya gaya maka inda ka kauce.

Ranar da sakamako na biyu ya fito tana zaune a barandar asibiti da la'asar. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ce, "Duk wadda ta fitar da ni daga wannan, in Allah ya ba ni 'ya mace, sunanta zan sa mata." Kubura na ciki tana wanke almakashi, ta ji.

Mata uku ne suka taimaka mata. Ta farko ita ce Kuburar. Aurenta ya mutu tun shekara huɗu, 'yan uwanta suna nesa, kuma duk ƙauyen Barira ce kaɗai take cin abinci da ita a kwano ɗaya. Ta san sarai in Barira ta ci jarrabawar ita za a bari da asibitin da shirunsa. Duk da haka washegari ta ɗauko rajistar marasa lafiya, ta zana layin masu zazzaɓin cizon sauro wata-wata, da na haihuwa, da na cizon maciji. Ta karɓi aikin yamma na Barira har mako takwas, ta haɗa da nata. Kullum in layin marasa lafiya ya ragu sai ta ajiye zane ɗaya, ta ciro agogon ƙirjinta na duba bugun jini ta tsaya a kanta. Minti ashirin na cika za ta fizge takardar, ko da alƙalami na tsakiyar kalma.

"Sista, layi ɗaya ya rage mini."

"Can ma haka za ki ce musu? Su ba su sha furarki ba, ni da na sha ma ban bari ba."

Haka hannun Barira ya koyi sauri. Amma saurin bai hana ta neman dalili ba, kuma ita Kubura ba ta ga laifin hakan, don ita ma ma'aikaciyar jinya ce.

Ta biyu wata tsohuwa ce, Iya Zulai, da ke zaune ita kaɗai a bakin madatsa. Mijinta ne yake duba sandar awon ruwa da aka kafa a cikin madatsar. Da ya rasu, 'ya'yanta maza suka watse birane, ita kuwa ta ci gaba da zuwa kowace safiya tana duba sandar, ta dawo ta yi alama da gawayi a bangon zaure. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ƙafarta ce ta kumbura, Barira ta je duba ta. Ni na kai labarin ƙafar nan asibiti, ku rubuta wannan ku ajiye, don da aka zo lissafin masu taimako ba wanda ya tuna da ni.

Barira ta ga bangon cike da ɗigon gawayi, suna hawa suna sauka. Ta ce, "Iya, yaya ruwa bana?"

Iya Zulai ba ta ko waiwayi bangon ba. Ta ce, "Ya fi na bara. Da bazara ya yi ta ja da baya a hankali har ya kusa gindin sanda. Ruwan farko bai motsa shi ba. Tsakiyar damina ya yi tsalle cikin kwana goma, ya kai wuya, ya tsaya nan wata guda. Yanzu yana sauka kaɗan-kaɗan."

Barira ta ce, "Me ya sa ruwan farko bai motsa shi ba?"

"Oho. Ni sanda nake dubawa, 'yar nan."

Sai ta ba ta labari. Wata shekara ruwa ya ragu fiye da kima, jami'in da ke zuwa duk wata uku ya tambayi mijinta, shi kuma ya ce masu injin ban ruwa na ƙauyen sama ne ke zuƙewa. Aka je aka yi rigima har da sanduna. Ashe ƙofar madatsar ce ba ta rufu daidai ba. Tun ranar, in ji ta, malam ya ce abin da ido ya gani a sanda shi za a faɗa, abin da zuciya ta raya a bar shi a gida. Kuma wanda ya taho daga nesa ba ya son jin awon kwana ɗari uku. Ka fara ba shi shekarar duka a numfashi ɗaya, sannan ka nuna masa inda ruwa ya fi cika da inda ya fi ƙafewa.

Barira ta tsaya da bandeji a hannu, ta ma manta da ƙafar. A zauren nan ta ga abin da ya kayar da ita har sau biyu.

Ta uku ita ce Malama Saudatu, tsohuwar malamar Turanci a makarantar 'yan mata, wadda ta yi ritaya ta dawo gidan mahaifinta. Shekara talatin da biyar tana koyarwa, ba ta taɓa haihuwa ba, kuma cikin dubban ɗalibanta babu wadda ta taɓa yi mata takwara. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, sai rediyo ke taya ta hira. Barira ta kai mata zanen Kubura, Malama ta ce, "Ni da ba na gani, me zan yi da takarda? Zubo mini yashi a faranti."

Dokarta ke nan. Barira za ta bayyana zanen da Turanci, Malama kuma ta bi maganar da yatsa a kan yashi. In abin da ya fito a faranti bai yi kama da na takarda ba, a share a sake. Ran farko Barira ta ce layin ya hau, yatsan Malama ya tsaya cak.

"Ya hau yaya? Kamar tsohuwa a kan tudu, ko kamar akuya a kan katanga? Kowanne da kalmarsa, ɗiyata. Kin ba ni ɗaya kina so in zana miki biyar."

Ta ba ta kalmar hawa a hankali da ta tashi farat ɗaya, da ta faɗowa, da ta tsayawa wuri guda, da ta layin da ke rawa ba ya zama. Ta koya mata yadda ake gwama layi biyu a jimla ɗaya. Mako shida ana share yashi. Ranar da farantin ya fito daidai da takardar, Malama ta shafa shi da tafin hannu ta ce, "To, yau na ga zane." Da Barira ta tashi tafiya ta ce mata, "Jibi ma ki zo, ko ba darasi."

Ranar jarrabawa Barira ta buɗe takarda, sai ga zanen yawan mutanen da ke zaune su kaɗai a gida, a wata ƙasa, cikin shekara arba'in. Layi biyu ne, na maza da na mata. Na matan ya taso a hankali, ya tsaya, sannan ya miƙe sama. Ta zuba masa ido. Wannan karon ba zato za ta yi ba, ta san dalilin layin nan. Ta san shi a tukunyarta, ta san shi a zauren Iya Zulai da rediyon Malama, ta san wadda za ta ƙaru a kansa in ita ta ci jarrabawar nan. Da za a bar ta, shafi goma ba zai ishe ta ba. Alƙalamin har ya fara, ta tsayar da shi. Ta rubuta shekara arba'in ɗin a jimla ɗaya. Ta nuna inda layin ya fi ƙasa da inda ya fi sama, ta ba kowane hawa kalmarsa, kamar akwai yatsa a kan yashi yana jiranta. A cikin kanta kuwa agogon Kubura na bugawa, ta ɗiga aya ta ƙarshe ana saura minti biyu, ta juya zuwa tambaya ta gaba.

Ta ci. Kwana goma sha ɗaya kafin wa'adin ya cika takardunta suka isa.

Ranar tafiya Kubura ta raka ta tasha, ba ta jira motar ta tashi ba, ta ce akwai mai naƙuda a asibiti. Babu wata mai naƙuda. Iya Zulai ta aiko mata da ƙullin busasshen kifi. Malama Saudatu ta sa aka ajiye farantin yashin a kan kabad, ta hana a zubar.

Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni Barira ta haifi 'ya mace a can. Ba 'yan barka, ba mai dama kunun kanwa, daga ita sai jaririyar a ɗaki, Sabi'u na wurin aiki. Ran kwana na shida ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce, "Gobe suna. Kin ce kin yi alwashi, ni na bar miki zaɓi. Wa za a yi wa takwara?"

Ta shiga lissafi a ranta. Ba don Iya Zulai ba, da har yau tana neman dalilin layi. Ba don Malama Saudatu ba, da ta gane abin amma ba ta da bakin faɗarsa. Ba don Kubura ba, da ba ta sami ko awa ɗaya ta zuwa wurin su biyun ba, kuma da lokaci ya sake cinye ta. Iya ta ba ta abin da ta gada wurin mijinta, ba ta ma san taimako take yi ba. Malama ta ba ta mako shida, kuma ita ce ba ta da kowa da zai ɗauki sunanta. Kubura ta ji alwashin da kunnenta, ba ta taɓa tayar da maganar ba, kuma tana can yanzu tana cin abinci ita kaɗai. Jaririya ɗaya ce, sunan yanka ɗaya ne.

Ni dai na miƙa nawa sunan, aka ce bai dace da mace ba, na haƙura. Saura ku, masu cinye gyaɗar mutane. Gobe da safe za a raɗa wa yarinyar nan suna. Tsakanin Kubura da Iya Zulai da Malama Saudatu, wace ce ta fi cancanta a yi mata takwara?