Gaisuwar Suruka a Bakin Garwa

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

Yunwa ta kai Kurege leburanci a siton Giwa, sai ƙuli-ƙuli ya fara yin ƙafa. Giwa ta kafa akwatunan sabis a kowace kusurwa, ta ce kowane lebura ya rataya wayarsa a wuya. Akwatin da ya fi jin wayarka da ƙarfi, to kana kusa da shi. Ta ba Kura mai gadi allon da ke nuna inda kowa yake, ta ce duk wanda ta kama a ɗakin ƙuli-ƙuli, nata ne halak malak.

Kurege ya ce, "Ni da nake cin na mai gida in sa shi godiya? Akwati ne zai kama ni?"

Ya ɗaura wayarsa a bayan Kunkuru, ya shige ɗaki ya ci ya yi nak. Kura na kallon allo tana cewa, "Allah sarki, Kurege! Aiki ya sa ko sauri ba ya iyawa."

Da gari ya waye Kunkuru ya kai ƙara, aka garƙame wa Kurege wayar a wuya da kwaɗo. Ko a jikinsa! Ya faɗa cikin garwar ƙuli-ƙuli ya ja murfi. Ƙarfe ya tare sabis, allo ya nuna shi can bakin titi. Ya ci har da guzuri.

Da gari ya sake wayewa, yana cikin garwa yana ƙarus-ƙarus, sai ga kiran surukarsa. Murya na yankewa. To, wane mara kunya ne zai ce wa suruka "Me kika ce?" Ya ture murfi ya fito, ya durƙusa har ƙasa kamar tana ganinsa.

"Ina kwana, Inna?"

"Lafiya lau. Ya gajiya? Ya iyali? Ya aiki?"

Sabis ya cika fal, allo ya tona shi. Yana jin takun Kura, amma ina halin tashi Inna ba ta gama ba?

"Ya mutanen wurin aikin?"

"Ga su nan ma sun iso, Inna."

Caraf! Kura ta cafke wutsiya. Kurege ya fizge, ya bar mata gashi cike da baki, ya bi ta magudanar ruwa yana ɗingishi. Sai da ya kai kan katanga ya waiwayo.

"Ranki ya daɗe, kada akwatinku ya yi alfahari! Ladabi ne ya kama ni. Gobe a yanayin jirgi zan sa wayar, ba sabis balle kira!"

Ƙurunƙus, kan guntuwar wutsiya.