Takardar Darakta

An yi wani Darakta a ofishin duba motoci, mai tumbi da son a durƙusa masa. Da aka buɗe gurbin mai duba tireloli da bas-bas, sai ya ƙudurta ƙanin matarsa zai ba. Ana haka sai ga Jatau bakanike ya ci jarrabawa, ya zo karɓar takardar shaida. Ya tarar da ofis cike da direbobi.

Darakta ya ce, "Ba na ba da takarda sai ga wanda ya taɓa duba tirela a kan titi."

"To ranka ya daɗe, gobe zan fita in duba."

"Kul! Duk wanda ya duba mota ba takarda, sai gidan yari."

Jatau ya sosa ƙeya, ya ɗaga kai ya ga takardar Darakta rataye a bango.

"Ranka ya daɗe, dokar nan tsohuwa ce?"

"Ta girme ka. Ni ma ta kanta na bi."

"Madalla, to nuna mini hanya. In duba tirelar ka fara yi ba takarda, wane gidan yari ka zauna, in je in kama wuri? In kuwa takardar aka fara ba ka, wa ka gani, ni ma in gan shi?"

Direbobi suka tuntsire da dariya. Darakta ya share gumi, ya buga hatimi.

"Ungo, fice mini!"

Jatau ya karɓa hannu biyu. "Allah ya ƙara girma. Bas ɗin nan mai suɗaɗɗiyar taya a ƙofa, an ce taka ce? Da ita zan fara."