Sunan Wa Malam Hasib Zai Rubuta?

Ku matso kusa, yau ba zan bar ku ku yi gyangyaɗi ba. Wannan labari a Mina na ji shi, daga bakin wani tsoho ɗan Bosniya da muka zauna tanti ɗaya, tafinta na tsakaninmu.

A garinsu akwai wani malami, Malam Hasib, mutum ne da ko zama ya yi ƙafarsa na rawa. Ya koyar, ya sha ɗauri saboda alƙalaminsa, ya fito aka zaɓe shi majalisa. Da yaƙi ya ɓarke aka fara ƙone ƙauyuka, sai ya shiga rubuta sunayen waɗanda aka kashe, gida gida, don kada wata rana a ce ba a yi ba. Takardun nan kwafi ɗaya ne tak a duniya, a cikin jakar fata da ba ya rabuwa da ita. Masu bindiga kuwa jakar suke nema ido rufe.

Yana da abokai uku tun na makarantar allo.

Na farko Ekrem, mai shagon gahawa. A al'adarsu kofi uku ake ba baƙo: na maraba mai kauri, na hira, sai na uku tsararo kamar ruwan wanke kwano, ma'anarsa tashi ka tafi. Wata safiya Hasib ya shigo da jakarsa, alhali 'yan rahoto biyu na zaune a lungu sun riga sun aika a kira sojoji. Ekrem ba shi da halin magana. Tun abokinsa bai gama zama ba ya dire masa tsararon a gaban jama'a.

Hasib ya kurɓa, ya miƙe. "Ni, Ekrem? Shekara talatin ina shan gahawarka?"

"Ka ji daɗinta," in ji Ekrem, ya juya masa baya.

Wallahi Hasib ba gane saƙon ya yi ba, zuciya ce ta fitar da shi ta ƙofar baya yana huci. Sojoji suka iso ba kowa, suka huce a kan mai shago, suka ƙone masa shagon ƙurmus.

Na biyu Fadil, mai kiwon zuma. Wurinsa Hasib ya kai ƙarar wulaƙancin da aka yi masa, Fadil ɗin ne ma ya ce, "Kai Malam, karatu ya yi maka yawa. Ceton ka ya yi." Ya karɓi takardun ya shimfiɗa su ƙarƙashin saƙar zuma cikin amya, ya ɗora a keken doki. A shingen bakin gada aka ce ya buɗe. Ya buɗe kuwa, ba hayaƙi ba komai, har da girgiza amyar. Ƙudan zuma suka yo waje, sojoji suka watse suna marin kansu, ɗaya ya kai masa gindin bindiga a fuska kafin ya ruga. Takardu suka haye kogi, idon Fadil na hagu bai sake gani ba.

Amma zuma da ruwan sama sun yi ɓarna. Da aka ciro takardun, kusan sulusinsu tawada ta narke. Hasib ya zauna a ƙasa ya yi kuka kamar yau aka kashe mutanen.

Na uku Zijad, mai jera haruffa a maɗaba'a, gurgu ne ma. Bayan yaƙi Hasib ya koma majalisa, rigima ta hana shi sakat. Zijad ya ɗauki shafukan da suka lalace ya shiga mota, ya shiga jirgin ƙasa, ya bi sansani sansani yana tambayar tsofaffin mata, "Inna, su wa aka fitar daga gidanku?" Wasu su kore shi, wasu su riƙe shi wuni guda suna kuka. Shekara huɗu yana wannan yawo, matarsa ta rasu ba ya gida. Bai dawo ba sai da sunan ƙarshe.

To, ga inda abin ya tsaya. Hasib ya riga ya rantse cewa littafin na matattu ne, sunan mai rai ɗaya kaɗai zai shiga, a shafin farko, na wanda ya cece shi. Mai maɗaba'a ya ce ranar Juma'a zai buga, da suna ko ba suna. Malam ya rubuta ya yage, ya rubuta ya yage, yana safa da marwa a tsakar ɗaki har abinci ya gagare shi. Abokan kuwa ba wanda ya nemi a sa nasa.

Na ce wa tsohon nan na Mina, "Alhaji, wa aka rubuta?" Ya dube ni da idonsa ɗaya, don ɗaya gare shi, ya ce shayina na hucewa. Har muka rabu bai faɗa ba, abin kuma yana cina har yau.

Don haka na kawo muku. Da wanda ya wulaƙanta amininsa ya rasa shago, da wanda ya ba da ido, da wanda bai ga jana'izar matarsa ba, in ku ne Malam Hasib, ga Juma'a ta ƙarato, sunan wa za ku rubuta?