Wutsiyar Jirgi a Garken Awaki

Akwai wani mutum, maigida ne a wani gari na bakin babban kogi. A gefen garin nan akwai tsohon jirgin ruwa, irin na da mai tafiya da tururi, wanda ake hura wa wuta da itace kamar murhu. A zamanin kakanni shi yake kawo gishiri da yadi, ya kwashi gyaɗa da auduga ya gangara da su. Dogon Hayaƙi ake ce masa. Da hanyar mota ta zo, sai aka bar shi kwance a kan rairayi shekara da shekaru.

Mutanen garin kuwa ba ɓarayi ba ne, tausayi ne ya yi musu yawa. Wannan ya dubi tagar jirgi ya ce, "Kai, wannan za ta lalace a nan, bari in ajiye masa ita a gida." Wancan ya ajiye masa benci. Da haka aka yi ta yi wa jirgi ajiya, har ba abin da ya rage masa sai haƙarƙari da tsatsa.

Wata rana mai gari ya tara jama'a ya ce, "Idan jirgin nan bai tashi a cikar kogin bana ba, zan ba masu sayen tsohon ƙarfe su yanka shi."

Mutumin nan kuwa kakansa ne yake hura wutar jirgin a da. Ya miƙe tsaye ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgin da kakana ya zubar wa gumi? Ina raye? Sam!" Nan take aka ɗora shi a kan aikin gyara.

Ya fara bin gari gida-gida yana karɓo ajiya, ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Ya shiga gidan wata tsohuwa, Gwaggo Kyauta, ya tarar ta juya ƙararrawar jirgi baki sama, kaji suna shan ruwa a ciki.

Ya ce, "Gwaggo, ki ji tsoron Allah! Gadon kakanni ne kika mai da shi kwanon kaji?"

Ta ce, "Haba ɗana, ajiya ce. Da ban ɗauko ta ba, da tuni tsatsa ta cinye ta."

Ya ce, "To, mai ajiya ya zo." Ya zubar da ruwan, ya saɓa ƙararrawa ya fita, kaji suna kallonsa.

Amma akwai wani faffaɗan ƙarfe mai kauri da ke zama cikin ruwa a bayan jirgi, wanda da shi ake juya jirgin dama ko hagu. Mutanen garin suna ce masa wutsiya. Wutsiyar nan tana gidan mutumin, ita ce ƙofar garken awakinsa.

Matarsa ta ce masa, "Maigida, ka karɓo na kowa. Ƙofar awakinmu fa?"

Ya ce, "Rage murya. Tun da na sa ƙofar nan, kura ta taɓa ɗaukar mana ko ɗan akuya ɗaya? Abin da zai zauna ƙarƙashin ruwa, wa zai gan shi?"

Sai ya nemo tsohon kwanon rufi, ya yanka shi daidai siffar wutsiya, ya yi masa katanga da katako, ya lafta masa baƙin fenti, ya ɗaura a bayan jirgi da hannunsa. Kowa ya gani ya yaba. Masu walda suka toshe ramuka, maƙera suka gyara tukunyar tururi, mata suka kankare tsatsa da yashi, har Dogon Hayaƙi ya koma kamar ango.

Damina ta yi nisa, kogi ya cika ya ɗaga jirgin daga kan rairayi. Ranar tashi, mai gari ya shiga da babbar rigarsa, makaɗa suka shiga, mata da 'ya'yansu suka cika bencuna. Aka hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe, aka buga ƙararrawa. Mutumin nan ya riƙe sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu. Waɗanda ba su sami wuri ba suka tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya a bakin gaɓa suna guɗa, Gwaggo Kyauta tana cikinsu.

Da suka kai tsakiyar kogi, ƙarfin ruwa ya bugi kwanon nan, ya lanƙwashe shi gefe ɗaya kamar ganyen ayaba. Jirgi ya karkata, ya zagayo ya wuce gaban tsamiya. Mutane suka ce, "Gaisuwa yake yi mana!" suka ƙara guɗa. Ya sake zagayowa, guɗa ta ragu. Ya kuma zagayowa, sai aka yi tsit. Makaɗi ɗaya ya ajiye gangarsa ya leƙa kai waje, jiri ya kama shi.

Mai gari ya dafe rawaninsa ya ce, "Kai, ba mun wuce tsamiyar nan ba?"

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, tsamiya tana da yawa a bakin kogin nan."

Mai gari ya ce, "Kowacce da Gwaggo Kyauta a ƙarƙashinta?"

Ana cikin haka ruwa yana jan jirgin kaɗan-kaɗan zuwa wajen wasu duwatsu da ke gangare. Mutumin ya dubi duwatsun, ya dubi mata da yaran da ke bayansa. Ya ce a janye wuta maza. Sa'an nan ya haɗa hannuwansa a baki, ya ƙwala wa matarsa kira a gaɓa, "Uwar yara! Ƙofar awaki! A kawo ƙofar awaki, ita ce wutsiyar!" Murya kuwa a kan ruwa tana tafiya da nisa. Ba wanda bai ji ba.

Masunta suka bi su da kwalekwale, suka jefa igiyoyi, suka jawo jirgin gaɓa da ƙyar. Ƙarti suka je gidan mutumin suka ciro ƙofar, suka ratso tsakiyar gari da ita a ka. Awaki kuwa da suka ga an tafi da ƙofarsu, sai suka biyo ta a jere suna kuka, har bakin kogi, suka tsaya a gaban maigidansu.

Gwaggo Kyauta ta matso ta ce, "Sannu ɗana. Ashe kai ma ajiya ce."

Mai gari ya yi dariya har da hawaye, ya ce a ba mutumin dama ya gyara ɓarnarsa. Aka ɗaura wutsiya ta gaskiya, kafin ruwa ya janye Dogon Hayaƙi ya tafi sak ya dawo sak, masu sayen ƙarfe kuwa ba su taɓa shi ba.

To, 'yan'uwana, ma'anar wannan misali ita ce: jirgin nan shi ne bangaskiyar da iyayenmu suka bar mana. Wutsiyar kuwa zuciya ce, ba a ganinta, amma ita take juya mutum. Da yawanmu mun mayar wa Ubangiji ƙararrawa da benci, muna zuwa sujada, muna waƙa, har mun iya nuna wa maƙwabci abin da ya ɓoye. Amma akwai abu ɗaya da muka riƙe domin yana tsare mana abin da muke so, ko wata ƙarya ce, ko gaba da ɗan'uwa. Mai yin haka zai yi hayaƙi da kiɗa, amma shekara ta zagayo ta same shi a inda ta bar shi, waɗanda suka amince da shi kuma suna cikin hatsari tare da shi. Ubangiji mai haƙuri ne, yana karɓar ajiyarsa ko an makara. Sai dai gara ka ɗauko taka yau da hannunka, tun ba a rako ta da awaki ba.