Matakalar Alhaji Barau

Ku yaran yanzu, ana murɗe muku takarda sai kuka, ba dabara!

Tasalla mai ɗinki ta sayi zaman shekara ashirin a saman benen Alhaji Barau. Da ta nemi ƙarin wa'adi tun na farkon bai cika ba, ya so korarta, ya kai ta kotu, ya ce wa alƙali, "Ɗakuna na sayar mata, ban da matakala. Kada ta ƙara taka min!"

Tasalla ta tuntsire da dariya. "Allah gafarta Malam, daɓen ɗakina na wa ne?"

Alƙali ya ce, "Naki ne."

"To, gobe zan fasa abina. Alhaji da ke kwana ƙarƙashinsa ya nemi wani rufin."

Alhaji ya zabura. "Haba Hajiya, da daminar nan?"

Shekara talatin ya ƙara mata kyauta, har da sharar matakala kullum.