Ranar da Aka Binne Lovina

Dattijonmu, shugaban jama'armu, Allah ya haskaka makwancinsa, bawan Allah ne da Ubangiji ya haɗa masa ilimi da taƙawa da taushin zuciya, masanin Littattafai Masu Tsarki wanda ayoyi ke zuwa bakinsa kamar sunayen 'ya'yansa, mai zuhudu, wanda ba ya yarda ya ƙoshi muddin akwai mai yunwa a zangonmu. Ni Jabez kafinta na daɗe ina ɗaukar karatu a gabansa, na kuma ga karamominsa da yawa, amma wannan ita ce har yau ba ta barin zuciyata.

A sanyin da muka yi a bakin kogin Missouri, bayan an kore mu daga garinmu na Illinois, muna cikin bukkokin itace da laka, zazzaɓi ya shiga jama'a yana ɗaukar yara. Bai tsallake gidan Dattijo ba. 'Yarsa Lovina, jaririya mai shan nono, ta kwanta, ya yi azumi, ya ɗora mata hannu, ya roƙa har muryarsa ta dishe, amma Allah ya karɓi abarsa. Ni na haɗa akwatin gawar da katakon keken shanunsa, muka fasa ƙasar da ƙanƙara ta daskarar, muka binne ta da hantsi.

A bukkata kuwa matata Permelia na kwance, zazzaɓi ya ƙafar mata da nono, ɗanmu Ansel ya daina ko kuka, ruwan kunun masara da nake ɗiga masa sai ya dawo ta gefen baki. Na je ƙofar Dattijo na tsaya, kunya ta hana ni sallama.

Matarsa Keziah ce ta gan ni. Ta ce, "Ɗan'uwa Jabez, tsayuwar me kake yi a cikin sanyi kamar baƙo? Yaron ne?"

Na ce, "Shi ne, 'Yar'uwa. Amma yau ba ranar da zan dame ku ba ce."

Dattijo ya miƙe, ya ɗauki 'yar kwalbar man zaitun da ake shafa wa marasa lafiya. Keziah ta riƙe hannun rigarsa, ta ce a hankali, "Maigida, da wannan man ka shafa wa tawa."

Ya dube ta da idon da bai bushe ba, ya ce, "Da shi ne, Keziah. Na roƙa mata, aka ce a'a. Ba a ce in daina roƙo ba."

Can ta yafa mayafinta ta biyo mu.

Da muka shiga, ya durƙusa a ƙasa, ya shafa man a kan yaron, ya ɗora masa hannuwan nan da har yanzu ƙasar kabari ke cikin faratansu, ya ce cikin natsuwa, "Ansel, da sunan Yesu Almasihu, zauna tare da mu." Bai ƙara kalma ba.

Ina kallo launin toka ya bar fuskar yaron, ya yi atishawa, ya buɗe baki ya saki kukan da har maƙwabta suka ji. Permelia ta ɗaga kai tana hawaye, ta ce, "Yunwa yake ji, ni kuma ba ni da ko ɗigo."

Keziah na tsaye, gaban rigarta ya jiƙe da nonon da babu mai sha. Ta zauna a bakin gado, ta ce, "Miƙo min shi." Ya kama, ya sha, ya sha, ita kuma tana kuka tana shafa bayansa, Dattijo ya juya fuskarsa ga bango.

Ita ta shayar da shi har Permelia ta warke, ita ta goya shi muka haye duwatsu zuwa kwarin da muka zauna. Yanzu Ansel magidanci ne mai gonar alkama, duk ranar Lahadi shi ke riƙe hannun tsohuwa Keziah zuwa wurin ibada, yana kiran ta Mama.

Tsarki ya tabbata ga Wanda yake karɓa ya kuma bayar a yini guda. Allah ya ƙara wa Dattijonmu daraja, ya haɗa shi da Lovina a gidan da ba a rabuwa, mu kuma ya yayyafa mana albarkar haƙurinsa, da mu da zuriyarmu. Amin.