Shekarar da Nomau Ya Yi Shuka Shi Kaɗai

"To, ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku, ta taso daga nesa."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun buɗe kunne."

A wani gari wai shi Tudun Kanya, kowa manomin gero ne. Suna da al'ada ɗaya. In an yi girbi, sai kowa ya zaɓi zangarniyar da ta fi ƙosawa, ya ɗaure daminta daban, ya ajiye can ƙuryar rumbu. Wannan shi ne iri. Komai tsananin yunwa, ba a taɓa shi sai ranar shuka.

Ana nan, sai wata shekara da rani wani baƙo ya sauka da jakuna da babbar riga. Ya ce sunansa Alhaji Dogara, ko da yake ba wanda ya raka shi Makka. Ya ce yana da fadama can bakin wani kogi, inda gero ke nuna ba ruwansa da damina.

Ya ce, "Kawo dami ɗaya, kasuwa mai zuwa ka ɗauki biyu."

Waɗanda suka fara kaiwa kuwa sai suka ɗauki biyu, a gaban kowa. Ba su san geron maƙwabtansu aka juya aka miƙo musu ba. Sai wanda ya karɓa ya mayar, ya ƙara da nasa. Sai maigari ya kai. Sai liman ya kai. Da geron ci ya ƙare, sai aka leƙa ƙuryar rumbu aka fito da iri. Wata safiya aka tashi babu Alhaji, babu jakuna, sai kashinsu a gindin tsamiya.

Mutum ɗaya ne bai kai ko zangarniya ba, shi ne Nomau. Tun farko ya ce shi bai taɓa ganin geron da ke haihuwa a bayan jaki ba. Aka yi masa dariya, aka ce baƙin ciki ke damunsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya haɗiye, ya ajiye a ransa.

Sai bazara ta ja, hadari ya haɗu, ruwan shuka ya sauka. Ƙasa ta jiƙa, tana ƙamshi. Gari kuwa tsit, ba mai abin jefawa a rami. Ƙauyukan kewaye ma Alhaji ya bi ta kansu, ba inda za a roƙo. Rumbu ɗaya ne a cike, na Nomau, kuma abin da ke ciki ya ishi duk mutanen garin su yi shuka har ya yi saura.

Sai Jatau ya zo. Jatau shi ne ya fi kowa zaƙewa, shi ya riƙa bin gidaje yana yi wa Alhaji talla. Ya yi sallama, ya tsuguna a ƙofar zaure.

Ya ce, "Nomau, ranta mini iri. In kaka ta yi na mayar."

Nomau ya ce, "Ninki nawa za ka mayar?"

Jatau ya ce, "Na san na yi maka dariya. Kwaɗayi ne ya ja ni, ba zan ɓoye ba. Amma yarana ba su yi maka komai ba."

Nomau ya ce, "Je ka bakin kogi, an ce gero na nuna a can."

Sai Jatau ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Sai Cindo ya zo. Cindo abokin Nomau ne tun suna kiwon awaki tare. Mutum ne mai sanyi, ko ciniki bai iya ba.

Ya ce, "Abokina, ka san ni. Ni ban taɓa neman abin da ya fi ƙarfina ba. Na ga maigari ya kai, na ga liman ya kai, na ce wane ni in fi su hankali."

Nomau ya ce, "To ai ga shi ba ka fi su ba. Je ka wurinsu."

Cindo ya ce, "Su ma suna nan kamar ni. Tiya ɗaya kawai nake so, kafin ƙasa ta bushe."

Nomau ya ce, "In na ba ka yau, baɗi wani Alhajin zai zo ka miƙa masa. Gara ka ji a jikinka."

Sai Cindo ya ɗauki sandarsa ya fita.

Sai Gwaggo Tabawa ta zo, ƙanwar uban Nomau. Tsohuwa ce, mijinta ya rasu, ga jikoki marayu a hannunta. Ta zo da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin mayafi.

Ta ce, "Ɗan nan, na riga na sari ramuka tun da safe, don na san ba za ka hana ni ba."

Nomau ya ce, "Gwaggo, har da ke? Da furfurarki?"

Ta ce, "Har da ni. Na duba abin da ya rage mini, na ga ba zai kai yaran nan damina ba. Na ce in ya zama biyu, mu tsallake. Ba dukiya na je nema ba, tuwo na je nema."

Nomau ya ji kunyar ya sallame ta hannu wofi. Amma kuma ya rantse ba wanda zai shuka geronsa cikin waɗanda suka bi Alhaji. Sai ya shiga gida ya sa matarsa ta surfa gero, ta daka shi lilis, aka cika ƙwaryar da gari.

Ya ce, "Ga na ci, Gwaggo. Iri kuwa sai mai hankalin riƙe shi."

Tsohuwa ta sa yatsa cikin garin, ta murza. Ta ce, "Ka daka shi don kada ya tsiro." Sai ta rufe ƙwaryarta ta tafi, tana share ido da bakin mayafi. Ni kam duk tatsuniyar nan, nan ne wurin da ke ci mini rai.

Sai kwanakin shuka suka wuce. Wanda ba shi da gona a damina me zai zauna yi? Sai aka fara ɗaure kaya. Yau gida ɗaya, gobe gida biyu, kowa ya nufi inda yake da dangi ko inda za a ɗauke shi ƙwadago.

Nomau kuwa ya yi shukarsa, ya yi noma, ya yi maimai. Gero ya tashi kore shar, ya fid da kai, ya fara ido. Ya kan tsaya a bakin gona ya riƙe ƙugu, yana jin daɗin kansa.

To, ku da ba ku san noma ba, ku saurara. In gero ya fara ido, tsuntsayen jan-baki suke zuwa. A kowace shekara gonaki ne birjik, sai su rarrabu, kowa a taɓa masa kaɗan. Kuma duk gari ake fita kora, ana ihu, ana kaɗa gwangwani, wannan ya koro wancan ya karɓa, har su gaji su wuce. A bana kuwa gona ɗaya ce tak a duk dajin.

Sai ga su kamar hadari. Suka sauka a kan geron Nomau gaba ɗayansu. Ya kora ta gabas, suka koma yamma. Matarsa ta kora ta yamma, suka koma tsakiya. Ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Sai ya yar da majaujawa ya ruga gari neman mutane.

Ya buga gidan Jatau, ya tarar an toshe ƙofa da ƙaya. Ya buga gidan Cindo, ba kowa sai ƙadangaru. Ya shiga gidan Gwaggo Tabawa yana kira, "Gwaggo, a ba ni yara su taya ni." Ciyawa ta kai masa gwiwa a tsakar gida, murhu ya yi sanyi tuntuni. Ya bi gari kaf yana sallama, ba wanda ya amsa.

Kafin ya koma, an gama. Kara ne kawai a tsaye, ko ƙwaya ba su bar masa ba. Ya zauna a kan kunyar gona ya ɗora hannu a ka, ya yi kuka irin na manya, wanda ba sauti.

Yunwa ba ta kashe shi ba, don tsohon geron da ya hana mutane yana nan a rumbu. Shi ya riƙa ci, yana zaune a ƙofar zaure, ba mai gaishe shi, ba wanda zai gaya wa cewa shi ne ya yi gaskiya. Duk Tudun Kanya ba wanda ya kai shi wayo, don duk Tudun Kanya ba kowa sai shi.

"Amma Kaka, ai su suka kai geronsu da hannunsu."

"Da hannunsu kuwa, Lantana, ban ce ba su yi wauta ba. Wani kwaɗayi ya kai shi, wani yarda da manya, wata tsoron yunwa. Amma ɓarawon ɗaya ne, kuma ba ya cikin waɗanda suka tsuguna a ƙofar Nomau.

"Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma na rumbun Nomau, shi kaɗai ya yi ƙiba a shekarar. In wanda aka cuta ya zo muku, ku fara ba shi abin da zai jefa a ƙasa. Faɗan da za ku yi masa yana iya jira har bayan girbi. Ruwan shuka ne ba ya jira."